Laftop mai katin GTX 1650 gare ni amma gem na rarrafe: in rabu da ita ko in kai gyara?

Abba Tudun Wada: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan da na sayi laftop ta hannu, i5-9300H, RAM 8GB, katin hoto biyu gare ta: Intel UHD 630 da NVIDIA GTX 1650. Saboda na biyun na saye ta. Amma in na kunna PES 2021 sai ɗan wasa ya ɗauko ƙwallo ya tsaya cak, kafin hoto ya dawo an zura mini. GTA V kuwa da kyar take kai firem 20 a sakan ɗaya. Na sabunta direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, har sau biyu, na sake Windows. Yanzu abokin yayana ya ce in ba shi ita ya ba ni PS4 da ciko, daga nan zuwa Juma'a. Da ita nake karatu, shi ya sa nake jan ƙafa. In karɓa, ko akwai abin da ban duba ba?

Shamsu: Wa'alaikumus salam. Sabunta direba kawai, za ta miƙe.

Ibro Gyaɗi-Gyaɗi: 8GB a wannan zamani? Ƙaro RAM ɗan uwa. Ni dubu 18 na saka tawa.

Malam Nura mai gyara: Abba, kada ka kashe ko sisi tukuna. Kunna gem ɗin, ka buɗe Task Manager, ka shiga Performance. Za ka ga GPU 0 da GPU 1, wato katunan hoton nan biyu. Duba wanne ke aiki. Irin waɗannan injuna suna tafiya ne da tsarin Optimus: katin Intel ke riƙe da allo kullum don kada batir ya ƙare, na NVIDIA yana barci sai an tashe shi. Wani lokaci gem ya tashi a kan Intel, kai kuwa kana ganin sitikar NVIDIA kana jin daɗi. Shiga Settings, System, Display, Graphics, ka nemo fayil ɗin gem ɗin ka sa shi a High performance. A Windows na yanzu wannan wurin ne ke da ta cewa, ko da ka zaɓa a NVIDIA Control Panel. Sannan juya cajarka ka karanto mana abin da ke rubuce a bayanta.

Sadik: Duk abin da za ka yi, kada ka kai ta shago. Tawa GTX 1050 ce, haka ta fara mini ina aji huɗu. Na kai wa wani a kasuwar waya, ko kunna gem bai yi ba ya ce katin ne ya saki, sai an gasa shi. A gabana ya kwance ta, ya ɗauko abin hura zafin nan ya kafa wa bod, har ina jin ƙaurin roba. Na ce Oga ba za ta lalace ba? Ya ce shekararsa goma a wannan aiki. Kwana tara ta yi, sai layuka kore a allo, daga nan baƙi ƙirin. Na mayar, ya riƙe ta mako uku, yau ya tafi ɗaurin aure, gobe yaronsa ne da mabuɗi. Da na karɓo ta ya goge komai, har da babi uku na furojet ɗina, wai ya ɗauka na ajiye a wani wuri. Kuka ne kawai ban yi ba a bakin shagon nan. Abin da ya fi ƙona mini rai, daga baya wani ɗan ajinmu ya duba cajata ya ce ai tun farko ita ce matsalar. An gasa lafiyayyen kati a banza.

Ummu Hanan: Innalillahi. Sadik, ya ka ƙare da furojet ɗin?

Sadik: Sake rubutawa na yi Anti, a kwamfutar ɗan ɗakinmu, daga sha biyun dare zuwa asuba.

Bashir Zariya: Ni RAM aka musanya mini, na kai da 16 na dawo da 8. Ibro, ina ka samu dubu 18? Makon jiya 30 aka ce mini, kuma ta hannu.

Ibro Gyaɗi-Gyaɗi: An ga fuskarka ne. DDR4 ce fa, ba zinare ba.

Malam Nura mai gyara: Sadik, Allah ya mayar maka da alheri, wanda ya yi maka haka bai kyauta ba. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta toshe fanka, furosesa ya haura digiri 95 ya rage gudu da kansa. Wannan dole a buɗe a share, a canja man sanyaya furosesa da ke kansa. Ni dubu biyar nake yi.

Shamsu: Ai dama mai gyara ba zai ce kada a kai gyara ba. Dubu biyu ake yi a unguwarmu.

Malam Nura mai gyara: Da wane mai? Farin nan mai bushewa a wata ɗaya? Kai da ka ce ya sabunta direba, ka ma karanta abin da yaron ya rubuta?

Ɗan Gunners: Abba faɗi gaskiya, wace ƙungiya kake ɗauka? In Man U ce, laftop ba ta da laifi.

Abba Tudun Wada: Malam Nura, Allah ya saka. Na duba: GPU 0, wato Intel, na sama da kashi 90, GPU 1, wato NVIDIA, na kan sifili. Na canja, GTA ta haura 50, har na yi murna. Bayan kamar minti goma ta sake faɗowa, kuma batir na raguwa alhali tana jone. A bayan caja an rubuta 19.5V da 3.33A.

Malam Nura mai gyara: To ga ta nan. Ninka su, wat 65 ke nan, cajar laftop ɗin ofis. Masu irin katinka yawanci da cajar wat 135 ko 150 suke zuwa. Mai shagon ya haɗa ka da wadda ke kusa da hannunsa ne. Nemo lambar injinka ka ga wadda kamfani ya rubuta. RAM ta biyu za ta taimaka, amma bayan caja.

Bashir Zariya: Asalin wat 150 ba ta kasa dubu 35.

Ibro Gyaɗi-Gyaɗi: Dubu 15 na gani.

Bashir Zariya: Ɗaga ta ka ji, in ba ta da nauyi sitika kawai ka saya.

Sadik: Karɓi PS4 ka huta. Kati ɗaya, babu wani zaɓe-zaɓe.

Ummu Hanan: Da PS4 zai buga asaimen? Ya ce fa da ita yake karatu.

Shamsu: Caja ko PS4, da wace wutar? Mu kwana huɗu ke nan taransifoma ta buga, an karɓi kuɗi gida-gida, shiru. A kan batir kuma ko ka sa High performance injin da kansa yake rage wa katin ƙarfi.

Ɗan Gunners: Mu ana kawowa ƙarfe biyun dare, a ɗauke kafin kiran sallah. Takardar kuɗi kuwa ba ta taɓa makara ba.

Abba Tudun Wada: Nima yawanci a ƙaramin janareton maƙwabci nake jonawa. Malam Nura, zai ɗauki wat 150 tare da firjinsu? Mai PS4 ya sake kirana ɗazu.

Bashir Zariya: Wai nawa ake haɗa ƙaramar sola yanzu, mai ɗaukar laftop da fanka ɗaya?