Beli kyauta ne, amma sai da na biya

Ɗan Kasuwa: Jama'a ku taya ni ji. An kama ƙanina a sintirin dare yana dawowa daga shago, ba makami, ba ƙwaya. A bangon caji ofis an rubuta ɓaro-ɓaro beli kyauta ne, amma sai da na ajiye kuɗi a kan kanta kafin a miƙo masa takalmansa. Da wannan halin ake so mu riƙa kai rahoto? Wallahi gara 'yan banga.

Baban Ilham: 'Yan banga? Masu ɗaure yaro a jikin bishiya su zane shi kafin a tambayi laifinsa?

Hajiya Babba: Baban Ilham, kana haɗa 'yan banga da 'yan sa-kai. Namu mu ke tara musu kuɗin batir da shayi, mun san iyayensu.

Baban Ilham: Hajiya, duk kanwar ja ce. A Zamfara ma da sunan kare gari aka fara.

Bazamfare: Malam, cire mu daga bakinka. Askarawan da gwamnati ta ƙaddamar a 2024 daban ne. Katsina ma ta kafa nata a 2023, me ya sa ba ka ambace ta ba?

Baban Ilham: Ni ba Bakatsine ba ne.

Bazamfare: Matarka fa?

Tsohon Sajan: Ku bar wannan. Kun taɓa shiga bariki kun ga ɗakin da kurtu ke kwana da iyalinsa? Motar sintiri ba mai, mai ƙara ke saya. Kwamitin PCRC, na hulɗar 'yan sanda da jama'a, yana nan tun 1984, dokar 'yan sanda ta 2020 ma ta tanadi kwamitocin al'umma. Wa ke zuwa taro a cikinku?

Hajiya Babba: Yallaɓai, wa ya taɓa gayyatar mata?

Bazamfare: Katin wuce shinge kawai masu kuɗi ke nema a can.

Ɗan Kasuwa: To ni kuɗina fa?

Shugaban zaure: An rufe. Abin da na fahimta, yawancinmu mun yarda 'yan banga ba su da horo, 'yan sanda kuma suna cikin matsi, laifin namu ne da ba ma zuwa taro. Ni ɗan kwamitin ne, mai son fom ya same ni bayan la'asar.