Altanetar a-kori-kura mai dizal ta gaza ɗaukar kayan wuta, wacce zan saka?

Mai_Akorikura:
Salamu alaikum masana. Motata a-kori-kura ce mai injin dizal, wutarta 12V, altanetar da ta zo da ita 90A ce. Na ƙara mata doguwar fitilar LED mai wat 180, ƙananan fitilu biyu masu wat 40 kowace, ƙaramin firij, inbata mai wat 1000 da winci (injin ja mai naɗe igiya). Idan tana silo da dare, AC na aiki, mita na nuna 12.3V kuma fitilu su dushe. Sai na taka totur sannan ta haura 13.8V. In sayo mai 250A in ɗaura kawai, ko akwai abin da zan fara dubawa?

Rewaya_Tsoho:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka sayi komai ɗauki biro ka yi lissafi. Ana raba wat da ƙarfin wutar a samu amfiya. Fitilunka uku wat 260 ne, ka raba da 13.5, kusan 19A ke nan. Firij yana jan 4A zuwa 5A lokacin da kwamfuresa ta tashi. Ita kanta motar, da manyan fitilu da fankar AC da ta lagireto da sauran tarkace, tana cin 45A zuwa 55A da dare. Babban maci shi ne inbata: idan ka ɗora masa wat 1000 cif, zai ja kusan 90A, domin wani kaso na wutar yana tafiya a zafi. Jimla ta doshi 170A. Ka bar rarar kashi 20 cikin ɗari, 200A ta ishe ka. In kuwa abin da kake ɗora wa inbatan bai wuce wat 300 ba, jimlarka kusan 105A ce, mai 130A ko 140A ma ta wadatar.

Winci kada ka sa shi a lissafin. Idan ya ɗauki nauyi sosai yana jan 300A zuwa sama da 400A, batir ne ke ciyar da shi, altaneta sai dai ta mayar masa daga baya.

Sai abin da mutane suka fi mantawa: lambar da ke jikin kwali ana auna ta ne lokacin da altaneta ke juyawa wajen sau 6000 a minti. Injinka a silo yana kusan 750, fuli ya ninka shi sau biyu da rabi, ka ga ba ta kai 2000 ba. A nan da wuya ta ba ka fiye da rabin ƙarfinta ko ɗan sama, in ta yi zafi kuma ta ƙara raguwa. Matsalarka a silo take, don haka ka nemi takardar gwajin da ke nuna abin da take bayarwa a ƙaramin juyi. Akwai mai 250A da a silo mai 160A ta fi ta.

Injiniya_Dizal:
Bayanin Baba Rewaya ya yi daidai. Zan ƙara abubuwa uku da suka shafi dizal kansa.

Na farko, leƙa bayan altanetarka. Tsofaffin injinan dizal da yawa, irin 4D56 na Mitsubishi da 3L na Toyota, famfon da ke zuƙo iska don taimaka wa birki a bayan altaneta yake, da bututun baƙin mai na shiga da na fita. Ka ɗaura wadda ba ta da famfon, birki zai yi tauri kamar dutse. Dole ka sami mai famfo, ko ka saka famfon lantarki daban.

Na biyu, bel. Altaneta mai ba da 200A a 14V wat 2800 take fitarwa, kuma da yake kusan rabin ƙarfin da ta karɓa ne ke zama wuta, tana ƙwatar wajen doki 7 daga inji. Siririn bel guda ɗaya mai siffar V yakan fara santsi daga wajen 100A: za ka ji ƙara, ka ga baƙar ƙura a bakin fuli, wutar ta ƙi hawa. Ana buƙatar bel biyu, ko mai faɗi mai layi 6 ko 7 da abin ɗaure shi mai lafiya. In fulin asali irin mai sakin juyi ta gefe ɗaya ne, ka mayar da irinsa, saboda injin dizal fizga yake yi a kowane bugu, fuli sandararre kuma zai sa bel ya riƙa karkarwa har ya cinye abin ɗaurewar.

Na uku, filogi. Sababbin motoci kwamfuta ce ke gaya wa altaneta yawan wutar da za ta bayar. In filogin ya shiga amma ba sa jin yaren juna, fitilar batir za ta kama, ko cajin ya tsaya wuri ɗaya.

Mai_Akorikura:
Na gode ƙwarai. Na duba, babu famfo a bayanta, bel ɗin kuma mai layi 7 ne. To wayoyin fa, na asali za su ɗauka?

Rewaya_Tsoho:
Ba za su ɗauka ba, an yanka su ne daidai 90A. Wayoyi uku za ka ƙara: daga B+ na altaneta (inda babbar wayar caji ke fita) zuwa kan batir na fozitif, daga kan negetif zuwa shasi, sannan daga jikin inji zuwa shasi. Don 200A ka sa jan ƙarfe zalla mai kauri 50mm². Ka guji wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, kaurin ido ne kawai gare ta. Ta asali ka bar ta a wurinta, sabuwar ta bi gefenta. Fis mai 250A ya zauna a kan sabuwar wayar fozitif, kada ya wuce santimita 20 daga batir, domin in wayar ta goge ta taɓa ƙarfe, batir ne zai turo wutar da za ta kama gobara. Inda za ka ɗaure negetif ka kankare fenti har ƙarfe ya yi ƙyalli, kawunan waya kuma a matse su da abin matsewa, ba a buga da guduma ba. Cire negetif kafin ka taɓa komai.

In ka gama, tayar da inji, kunna kayan duka, riƙe shi a juyi 1500 a minti. Kan batir ya nuna 13.8V zuwa 14.4V. Sa tsinken mita ɗaya a B+, ɗayan a kan fozitif: in ya wuce 0.3V, akwai haɗin da ke cin wuta. Tsakanin jikin altaneta da negetif kada ya wuce 0.2V. Wannan gwajin ka yi shi tun yanzu ma da tsohuwar, don sau da yawa tsatsar kan waya ce ke sace rabin volt ana zargin altaneta. Kuma kada ka yarda a cire kan batir inji na aiki wai don gwada caji. Wutar kan yi tsalle ta ƙona diyod ko kwamfuta.

Wuta_da_Waya:
Ɗan'uwa, firij da inbata ka raba su da batirin tayar da mota. Sa musu batir na biyu ta hanyar cajar DC-DC (na'urar da ke taƙaita wutar da batir na biyu zai ja) mai 30A ko 40A, musamman in na litiyam ne, domin shi in ka haɗa shi kai tsaye zai yi ta zuƙa har altaneta ta gasu a silo, lokacin da fankarta ba ta juyawa sosai. Da wannan tsarin, abin da altaneta za ta gani daga ɓangarensu bai wuce 45A ba, lissafinka ya sauko kusan 120A, sai ka nemi mai 150A mai ƙarfi a silo. Lokacin jan winci kuma ka riƙe inji a 1200 zuwa 1500, kana ja kana hutawa.