Tambaya kan mutum-mutumin Kyaftin Walker a Liverpool

Ɗalibi a Ingila:
Assalamu alaikum. Ranar Asabar na ratsa ta Pier Head, bakin kogin Mersey, na ga mutum-mutumin wani hafsan sojan ruwa riƙe da madubin hangen nesa, ya fuskanci teku. An rubuta Kyaftin F. J. Walker. Don Allah, mene ne ya yi har mutanen garin suka karrama shi haka?

Malamin tarihi:
Wa alaikumus salam, ɗana. A Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Jamus masu nutso cikin ruwa sun kusa jefa Ingila cikin yunwa, domin suna nutsar da jiragen da ke kawo mata abinci da mai, kuma ba a yi kwamandan Birtaniya da ya hallaka su kamar Walker ba. Dabararsa ce ta fi burge ni: jirgi ɗaya ya tsaya nesa yana bin abokin gaba da na'urar sauraro, yana yi wa na biyu jagora, shi kuwa ya lallaɓo a hankali har ya zo daidai kansa, sannan ya saki bama-bamai. A farkon 1944, a fita guda, rundunarsa ta nutsar da shida, ko da yake ta rasa jirginta Woodpecker. Ya rasu ranar 9 ga Yuli, 1944, yana da shekara 48, bayan gajiyar aiki ta ci ƙarfinsa, aka yi masa makwanci a teku. Yarima Philip ne ya ƙaddamar da mutum-mutumin a 1998.

Mazauniyar Bootle:
Ƙanena, idan ka samu sarari ka zo zauren majalisar garinmu Bootle, dab da Liverpool, inda aka ajiye tutocinsa da ƙararrawar jirginsa Starling, domin daga tashar jiragen ruwa ta Gladstone da ke nan yake fita. Abin da ke sosa mini rai shi ne ɗansa Timothy ya ɓace tare da jirgin Birtaniya mai nutso, Parthian, a 1943, amma uban bai ajiye aiki ba.

Ɗalibi a Ingila:
Na gode, Malam, na gode, Yaya. Ashe ma a lokacin yaƙin ayarin jiragen da ke tasowa daga Freetown ta Saliyo da kayan Afirka ta Yamma ta Tekun Atlantika suke bi zuwa Liverpool. Insha Allahu zan je Bootle a wannan makon.