Ƙaramar tocila mai lumen 4000: da gaske tana ƙona aljihu?

SabonShiga:
Assalamu alaikum jama'a. Ina shirin sayen ƙaramar tocila irin Emisar D4V2, mai cin batir samfurin 18650 (mai caji) guda ɗaya, wadda ake cewa haskenta yakan kai lumen 4000. Da gaske ne tana ƙona aljihu? Kuma wane batir zan saka mata? Ina ganin masu rubutun 9900 mAh (ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka) a kasuwa da araha.

MaiGyaranWuta:
Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Da gaske ne, lissafin ma a fili yake. A matakin turbo, wato mafi ƙarfin haskenta, irin wannan tocila tana jan wajen amp 15 ko fiye daga batir mai volt 3.7, wato sama da watt 50 ke nan, kuma mafi yawansa zafi yake zama. Jikinta ɗan alminiyum ne da bai kai tsawon tafin hannu ba, babu inda zai kai wannan zafin. Shi ya sa ba ta yin minti ɗaya a turbo sai ta rage haske da kanta. Manhajar cikinta, Anduril, tana zuwa da iyakar zafi digiri 45.

Sai dai na'urar auna zafin, jikin tocilar kawai take aunawa. Hasken da ke fita ta gilashi idan ya sauka kan yadi mai duhu ko na leda, cikin daƙiƙu zai narkar da shi kafin jikin ya ɗumama. Don haka kafin ta shiga aljihu ko jaka, a kulle ta: tana kashe, ka danna maɓallin sau 4 a jere. Abin da ya fi wannan tabbas shi ne ka warware murfin gindi kwatan zagaye ɗaya, wuta ta yanke gaba ɗaya.

Batir18650:
Malam, wancan mai 9900 mAh kada ka ko taɓa shi. Batir 18650 na gaskiya bai cika wuce kusan 3500 mAh ba, duk rubutun da ya ninka haka ƙarya ne. Kuma a irin wannan tocila ƙarfin sakin wuta ya fi yawan mAh muhimmanci. Samsung 30Q yana da 3000 mAh kuma yana jure amp 15. Samsung 35E yana da 3500 mAh amma amp 8 ne iyakarsa, idan ka matsa masa a turbo shi kansa zai yi zafi. Batir mai kariya a gindi, wato ƴar na'urar da ke yanke wuta idan an matsa masa, kuma ya fi tsawo, ba zai shiga D4V2 ba, mai lafaffen kai marar kariya take so. Ke nan kariyar ta dawo hannunka.

Ka duba ledar da aka naɗe batirin da ita duk lokacin da za ka saka shi. Gwangwanin batir gaba ɗayansa ɓangaren − ne, ɗan tsakiyar kai kawai ne +, kuma ɗan zoben takarda ne ya raba su. Idan ledar ta yage kusa da kai, ƙarfe ya taɓa duka biyun, wuta ta haɗe ke nan. Tocila kuwa a toshe take da zoben roba don kada ruwa ya shiga, to idan batir ya fara fitar da iska a ciki, murfin na iya ɓallewa da ƙarfi. Sabuwar leda ba ta da tsada, da iska mai zafi ake ɗame ta. Batirin ajiya kuma a kwalin roba, kada ya haɗu da makulli ko tsabar kuɗi a aljihu.

SabonShiga:
Na gode ƙwarai. Waɗanda ake cirowa daga tsohon batirin laftof fa?

Batir18650:
Ka bar su ga fitila mai jan wuta kaɗan. Na laftof an yi su ne don amp kaɗan, ga shi sun tsufa. Ka auna da mita: cikakken caji volt 4.2 ne, wanda ya daɗe a ƙasa da 2.5 kada a sake caja shi.

HajiyarLantarki:
Ƙarin bayani kan warware murfi: yana aiki ne idan zaren murfin na da rufin baƙin nan da ba ya ɗaukar wuta. Na tagulla ko titaniyom zarensu tsirara ne, ko an warware tocilar na iya kamawa. Ka gwada taka kafin ka dogara da shi.

Sannan zafin ƙasarmu. A Kano ko Sakkwato a watan Afrilu iska kanta tana haura digiri 40, saura kaɗan ta kai iyakar 45 ɗin, don haka turbo zai faɗi da wuri. Kada wannan ya sa ka ɗaga iyakar zuwa 60 ko 70 don neman haske, hannu da batir ne za su sha wahala. Kada a bar ta a mota a rana, kada a caja batir yana da zafi, kuma caji a kan siminti ake yi, nesa da katifa, ana farke. Idan batir ya kumbura ko ya fara wari ko tsuwwa, a ɗauke shi da filaya a kai waje kan yashi.

Ido kuma: kada ka leƙa gilashin don ganin ko ta kama, ka haska bango. Gidan da ke da yara, a cire batirin a ajiye daban, domin yaro fuskarsa yake fara juya wa tocila.