Manhajar da ke sauraron karatun yara ta ba su maki da kanta, wa ya gwada ta a aji?

MalamarCE1_Tawa:
Assalamu alaikum malamai, barkanmu da war haka. Ni CE1, wato aji uku na firamare, nake riƙe da shi a wata lakol nan cikin garin Tawa, yara 74 gare ni, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gwajin karatun Faransanci. In na ce zan saurari kowane yaro minti ɗaya, da kiran suna da tasowa da rubuta maki a kaye da tsawata ma na baya masu surutu, wallahi kwana uku nake yi ban gama ba kuma darasi ya tsaya. To ƙanena ya sa mini wata manhaja a portabul, ana zuba mata rubutu, yaro ya karanta da ƙarfi, ita ta saurara ta ƙirga kalmomin da ya faɗa daidai ta ba shi maki. Na yi murna ba kaɗan ba. Amma ranar Talata wata yarinya wadda ta fi kowa karatu a ajin ta ɗora yatsa kan layi ta bi tiryan-tiryan ba ta tsaya ko sau ɗaya ba, sai ga jan layi ƙarƙashin kalma tara. Da dare na sake sauraron muryarta, ashe duk inda "v" yake "b" ta ce, vélo ya zama belo, "p" kuma ya koma "f", iyakar laifinta ke nan. Da ta ga jan nan ta koma ta kifa kai a tebur har aka tashi ba ta ce uffan ba, abin ya tsaya mini a rai. Don Allah ya ake tsara gwajin nan yadda ya kamata, kuma in yarda da makin na'ura ko in watsar?

TsohonDirekta:
Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya saka miki da kika koma kika saurara, ba kowa zai yi ba. Wannan awon na minti ɗaya ya girmi manhajar taki, shi ne a cikin EGRA, gwajin karatun yaran ƙananan azuzuwa, da cibiyar bincike ta RTI ta Amurka ta tsara tun 2006, kuma da takarda da agogo aka fara yin shi. Ki rubuta ɗan labari sabo mai kalma 50 zuwa 60, da kalmomin da suka saba gani amma labarin kansa ba su taɓa jin shi ba, don in daga littafin aji kika ɗauko to hadda za ki auna, yaranmu kuwa kin san su da hadda tun daga makarantar allo. Yaro ya fara sai ki danna agogo, in ya maƙale kan kalma daƙiƙa 3 ki nuna masa ta gaba ki sa wa waccan alama, in ya yi kuskure ya gyara da kansa daidai ce, in layin farko gaba ɗaya bai samu ko ɗaya ba ki tsayar da shi cikin lallashi kada ki bar shi yana zufa har mintin ya cika. Wanda ya gama kafin lokaci ki ninka kalmomin da ya ci sau 60 ki raba da daƙiƙun da ya yi, misali 36 cikin daƙiƙa 48 ya ba ki 45 a minti. Belo kuwa a ƙa'idar gwajin ba kuskure ba ne, harshen uwa ne ya fito, yarinyar ta gane kalmar sarai. Kuma ki bi shi da tambaya huɗu ko biyar kan labarin, na ga yara da yawa masu gudu kamar rediyo amma ka ce wa ya tafi kasuwa a labarin sai su zuba maka ido.

Informatik_Yamai:
Malama sannu da ƙoƙari. Baba Direkta ya gama magana ta fannin koyarwa, ni bari in faɗi ta na'ura. Irin manhajojin nan da muryoyin da aka tara ake horar da su, yawanci na manya kuma ba na mutanenmu ba, to muryar yaro siririya ga lafazin Ader, yankin Tawa, ga hayaniyar yara 73 a bayanta dole ta riƙa ɓata. Duba cikin reglaj ko akwai wurin rage tsananin sauraron lafazi, Reading Progress na Microsoft da ke cikin Teams yana da shi, kuma yana barin malami ya saurari rikodin ya gyara kowace alama da hannu kafin maki ya je wa yaro, sai dai yana son rezo da asusun makaranta. In matsalar rezo ce akwai Tangerine, ita ba ta sauraro, ke ce ke taɓa kalmar da aka kuskure a tabilet ita kuma ta riƙe lokaci ta yi lissafi ta adana, ba sai da intanet ba. Ni a aji irin naki ita zan zaɓa gaskiya. Kuma don Allah ki bincika ina muryoyin yaran ke tafiya, cikin wayar suke zama ko ana tura su waje, amanar iyaye ce.

UwarBiyu:
Ni ba malama ba ce amma nawa biyu suna firamare. Roƙona kawai kada yaro ya ga jan layin nan kafin ke ki gani. Kuma yanzu da Hausa ta zama harshen ƙasa tun 2025 ba za a gwada su da Hausa ba ne?

Informatik_Yamai:
Hajiya ana iyawa amma da hannu ya fi tabbas a yanzu. Rubutun Hausa ba ya nuna tsawon wasali ko karin murya, gari na zama da garin tuwo duk rubutu ɗaya ne, ga mu nan yamma muna cewa hwara inda Kano ke cewa fara, na'ura sai ta ɗauka kuskure ne. Masu iko su riƙa ba da muryarsu a Common Voice na Mozilla, akwai sashen Hausa, da irin wannan ake koya mata jin mu.

MalamarCE1_Tawa:
Na gode ƙwarai Baba, Allah ya ƙara girma, na gode ku duka. Jiya na kira yarinyar lokacin hutu muka zauna gindin bedi inda babu hayaniya, na rubuta sabon labari na kalma 55 kan wata akuya da ta ɓace ranar kasuwa, ta ci 52 cikin mintin kuma tambaya biyar ta amsa huɗu, da na faɗa mata sai ta rufe baki da mayafi tana dariya. Na tsara zan riƙa ɗaukar yara goma kowace rana ina kife fuskar wayar har sai na saurara da kaina. Baba in na turo labaran da na rubuta guda uku za ka duba mini ko nauyinsu ɗaya ne? Ina tsoron na biyun ya fi sauran wuya don akwai kalmomi masu "gn" da "ill" da yawa a ciki.