Foldar system ta CodeIgniter guda ma babban shafi da sabdomen: dabara ce ko jawo ma kai rigima?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai ina nan kan bakana, duk wanda ke da babban shafi da sabdomen (ƙaramin adireshi da ke ƙarƙashin na babban shafi) kan hostin guda kuma ya ɗora CodeIgniter (manhajar gina shafi da yaren PHP) sau biyu wahalar da kai yake. Wata makaranta da nike ma aiki, babban shafi na cikin public_html (foldar da masu ziyara ke iya kaiwa), fotal ɗin duba sakamako na sabdomen, folda system (inda ainihin fayilolin CodeIgniter suke) guda na aje sama da public_html inda burauza ba ta kai, kowane index.php na gyara $system_path ya nuna can, kowa da foldar application tashi, inda aikin shafin kanshi yake. Bayanin CodeIgniter 3 da kanshi ya koyar da hakan, ba ni na ƙirƙiro ba.

Na Arkilla: Wa alaikumus salam. Oga mi kaka tsimi? system ɗin ga ko megabait 5 bai kai ba, hoto guda na ranar walima da anka ɗora ba a matse ba ya fi shi nauyi 😂

Ɗan Mabera: Ba wuri nike tsimi ba ɗan'uwa, mantuwa nike gudu. In gyaran tsaro ya fito wuri guda zan canza. In biyu ne wallahi sai ka gyara ɗaya ka manta ɗayan shekara biyu.

Na Arkilla: To wanga abin da ka yaba shi ne ya ƙone ni. Na taɓa yin haka ma wani mai kasuwanci, na ɗaga system zuwa 3.1.13 don babban shafi zai koma PHP 8, ashe wanda ya rubuta sabdomen ɗin kafin ni ya shiga cikin system ya taɓa laburaren seshon (mai tuna wanda ya shiga shafi) da hannu bai gaya ma kowa ba, ina ɗora sabo gyaranshi ya tahi, kowa ya shiga sai ya fito da shi, ga zafin Sakkwato ga NEPA sun ɗauke wuta ga mai kaya na kira kamar na ci bashinshi.

Ɗan Mabera: Ai wannan laifin wanda ya taɓa system ne, ba laifin rabawa ba. Application/libraries da MY_, inda kake sa naka gyara ba ka taɓa system ba, an yi su don mi?

Na Arkilla: Awo, amma da kowa da nashi da ɓarnar ba ta tsallako ba.

'Yar Runjin Sambo: Yayyena ku bari in sa baki. Mutane da yawa suna raba system ne suna zaton wanda ya shiga babban shafi zai tarar da kanshi cikin sabdomen ba sai ya sake sa kalmar sirri ba, kuma babu haɗi ko kaɗan. Wannan aikin kuki ne (ɗan bayanin da shafi ke ajewa cikin burauza don ya gane ka), sai ka sa cookie_domain da ɗigo gaban sunan domen, kuma su biyun su aje seshon wuri guda. Haka in ba ka son su haɗu amma ka buɗe kuki ma domen duka ka bar ci_session, sunan kukin seshon na asali, ga dukansu, to nan ne ɗaya zai riƙa take ɗaya.

Na Arkilla: Madalla ƙanwata. Ga kuma cPanel, wurin sarrafa hostin, kowane domen zai iya zama da sigar PHP tashi ta MultiPHP. Ka kai ɗaya 8.2, CodeIgniter 3 ya fara zubo gargaɗin dynamic property layi layi, ka je ka yi ma system kwaskwarima, ɗayan da ke 7.4 ya sha maganin ciwon da bai yi ba.

Admin: Ku saurara yara. Ni abin da nike yi, ina sa ma folda lambar sigarta, system_3111 da system_3113 suna zaune gefe da gefe. Na fara juya babban shafi, in ya kwana biyu lahiya sai in juya fotal, layi guda ne cikin index.php. In abu ya ɓaci in maido layin.

Na Arkilla: Malam ai ka dawo maganata kenan, folda biyu 😅

Admin: Na mako guda dai, ba na har abada ba.

'Yar Runjin Sambo: Ni tun da na koma Laravel, wata takwarar CodeIgniter, na huta, Route::domain kawai, manhaja guda na amsa su duka. Sai dai in ta faɗi tare suke faɗi.

Ɗan Mabera: Malam, in sabdomen ɗin na wani akawun na cPanel daban fa?

Admin: Nan kam manta, izinin fayil ba zai bar ka karanta foldar wani akawun ba. Ɗora mishi nashi. Turo min index.php ɗin naka ta gefe in duba bayan la'asar.