Kwamitin bishiyoyi da filin shaƙatawa: wa ya taɓa zama a ciki?

Abu Khadija, Kano: Assalamu alaikum. Mai unguwarmu ya aiko yana so in shiga kwamitin da zai riƙa ba hukuma shawara kan bishiyoyin bakin titi da ɗan filin da yara ke wasa bayan firamare. Ban amsa ba tukuna. Abin da ke damuna, shawara kaɗai ake bayarwa, ba ikon hana kowa komai. Don Allah waɗanda suka taɓa zama a irinsa, me kuka gani?

Tsohon Hedimasta, Kaduna: Wa alaikumus salam. Na yi shekara huɗu a namu. Iko kam babu, domin tun Dokar Filaye ta 1978 filin birni a hannun gwamna yake. Amma labari yakan riske ku tun kafin mai zarto ya iso, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da za a faɗaɗa titinmu, an shafa wa madatai tara jan fenti. Muka roƙi injiniyan ya taka layin da ƙafa tare da mu, muka nuna masa inda za a ɗan karkata kwalbati. Biyar suka tsira. Huɗun da aka sare, har yau ina ganin jan cikinsu a zube a ƙasa, itatuwan da suka girmi mahaifina. Wanda ya san inuwar lambun Gamji da ke nan Kaduna a watan Afrilu ya san abin da nake nufi. Ka shiga, ɗana.

Maman Ummi, Zariya: Malam, ni dai abin da na gani shi ne dashe ba shi ne aikin ba. Da damina kowa zai zo, a dasa, a ɗauki hoto. Kafin Maris awaki sun cinye rabi, rana ta ƙone saura. Da aka sa mu mata biyu a kwamiti, muka ce a daina dasawa a inda ba mai shi. Kowane dashe a ba gida ɗaya amanarsa, a kewaye shi da ƙaya ko tsohon buhu a jikin sanduna, a riƙa zuba masa ruwan alwala da na ɗauraya. Wanda ke ƙofar gidana yanzu mai shayi ke kafa teburinsa a ƙarƙashinsa. Kuma a lura da irin da za a karɓo: darbejiya na jure fari amma saiwarta na fasa katanga, mangwaro sai da ruwa, turare kuwa shanye damshin wuri yake. Kada a dasa dogon itace a ƙarƙashin wayar lantarki, ranar sara ce kawai ake jira.

Ɗan Layi: Ni fita na yi. Namu ya koma zaman jiran alawus, aka yanka filin aka yi shaguna, sai a bakin maƙwabta muka ji.

Aboubacar, Yamai: Ɗan'uwa, abin da ka faɗa mun san shi. A nan tun 1965 aka fara dasa dajin bedi, wato darbejiya, da ya kewaye birni, kuma kowace ranar 3 ga Agusta ana fita dashe a faɗin Nijar. Duk da haka gidaje sun ci wani ɓangare na dajin, fuloti bayan fuloti. Da na zauna a kwamitin unguwarmu, abin da ya fi yi mana amfani takarda ce. Mun nemi kwafin taswirar fili daga ofishin magajin gari, mun ƙirga itatuwa mun rubuta, duk shawarar da muka bayar sai an buga mana hatimin karɓa. Ranar da wani ya zo da bulo, takardar nan muka ɗauka muka je wurin 'yan gandun daji, aka tsayar da shi.

Abu Khadija, Kano: Allah ya saka da alheri. Zan amsa, amma da sharaɗin a sa mata a ciki, a kuma ba mu taswira tun zaman farko. Maman Ummi, buhun da kuke kewayewa da shi, yana kai ƙarshen rani ko sai an sake?

Maman Ummi, Zariya: Sai an sake sau ɗaya, bayan iskar hunturu ta yayyaga shi. Ƙayar magarya ta fi daɗewa in za ka samu.